Yadda Ake Tsara Silindar Bugun Girabiya

Ɗauki ledar biskit, ko ta taliyar yara, ko ta garin sabulu, ka ari madubin ƙara girma irin wanda masu gyaran waya ke aiki da shi, ka dubi bakin harafi ɗaya. In ka ga gefen harafin bai tafi sumul ba, yana da 'yan haƙora ƙanana a jere, to a injin girabiya aka buga wannan leda. Haƙoran nan sawun ramuka ne. Duk abin da ke jikin ledar, hoto da rubutu da shimfiɗaɗɗen launi, daga miliyoyin ramukan da aka sassaƙa a jikin silindar ƙarfe ya fito.

Aikin injin ba shi da wuyar fahimta. Silinda tana juyawa, ƙasanta na nutse cikin kwamin tawada mai ruwa-ruwa. Tana tasowa sai wata siririyar wuƙa da ke kwance a tsawon jikinta ta share tawadar da ke sarari, ta bar wadda ta shige ramuka. Rolar roba ta danna leda ko takarda a jikin silindar, tawada ta fito ta kama, ledar ta bi ta na'urar busarwa ta wuce zuwa silinda ta gaba. Kowane launi da silindarsa. Kowane rami kuwa tamkar mudu ne da aka cika aka share bakinsa, ba zai ba da fiye da abin da ya ɗauka ba.

Nan ne girabiya ta sha bamban da bugun ofset da muka saba gani a maɗaba'un littafi da kalanda. Mai injin ofset yana da makullan tawada a jere, in gefe guda ya yi haske sai ya buɗe masa, in ya yi duhu ya rage. Mai injin girabiya ba shi da wannan gata. Yana iya tsinka tawada ko ya kaurara ta, ya gyara kwanciyar wuƙa, ya rage gudu, amma duk abin da ya taɓa zai shafi silindar ne baki ɗaya. Yawan tawadar da za ta sauka a kan kuncin yaron da ke hoton, da wadda za ta sauka a kan sunan kamfani, an riga an yanke shi ranar sassaƙa. Shi ya sa duk mai ƙaramin kamfanin da zai yi odar leda, na garin kunu ne ko na yaji ko na madarar gari, ya kamata ya san abin da ake yi wa silinda kafin ya sa hannu a takarda. Tun ran gini, tun ran zane.

Asalin sana'ar daga bugun yadi ne. A 1783 wani mutumin Sikotland, Thomas Bell, ya yi rajistar injin buga zane a kan yadi da rolar jan ƙarfe mai sassaƙa da wuƙar share launi, kuma har yau da irin wannan rola ake ɗora zanen atamfa mai kakin gaske. Karel Klíč, mai zane ɗan ƙasar Cek, shi ya haɗa wannan dabara da ɗaukar hoto, kuma a 1895 aka kafa kamfanin Rembrandt Intaglio Printing a garin Lancaster na Ingila don yin bugu da ita. A 1910 jaridar Freiburger Zeitung ta Jamus ta fito da hotuna na wannan bugu. A farkon shekarun 1960 kamfanin Rudolf Hell da ke Kiel ya fito da injin Helio-Klischograph, wanda ke sassaƙa ramuka da tsinken daimon, kuma zuriyar wannan inji ce ke sassaƙa mafi yawan silindojin leda har gobe.

Daga leda ake farawa

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka da hoto ake fara tsara silinda. Da abin awo ake farawa, da kuma tambayar injin da zai ɗura kaya a ledar.

Mu ɗauki ƙullin garin kunun gyaɗa mai tsawon milimita 150, wanda in aka buɗe shi aka shimfiɗa faɗinsa milimita 240. Silinda ba ta da farko ba ta da ƙarshe, don haka dole kewayenta ya raba daidai da tsawon ƙulli, ba saura. Ƙulli huɗu a kewaye ya ba da milimita 600. Raba wannan da 3.1416, kaurin silindar ya fito milimita 190.99. A faɗi kuma, jeri huɗu ya ba da milimita 960, sai a ƙara wurin datsa a gefe da wurin alamomin saiti, sannan fuskar silindar ta ɗara faɗin ledar da 'yan santimita a kowane ɓangare, don wuƙa ta sami wurin kaiwa da komowa. Kowane inji yana da iyakar kewayen da yake karɓa, sama da ƙasa, da iyakar faɗi. Waɗannan lambobi daga bakin mai maɗaba'a za ka ji su, a rubuce.

Yanzu a ce bayan an gama sassaƙa mai kaya ya ga ƙullin ya matse, yana so a ƙara milimita biyar. Kewaye ya tashi daga 600 zuwa 620, kaurin silinda ya sauya, kuma in launi shida ne, silinda shida sun zama ƙarfe kawai. Saboda haka a yanka farar leda da almakashi, a liƙe, a ɗura garin da gaske, a gwada a injin ɗuri, kafin a aika ma'auni ko'ina. Gari mai iska a ciki yana cin wuri fiye da yadda nauyinsa ke nunawa.

Akwai wata ƙaramar dabara da masu sassaƙa da yawa ke bi. Silindojin aiki ɗaya ba a yi musu kauri ɗaya cif-cif. Kowace ta gaba tana ɗara ta bayanta da kimanin milimita 0.02 zuwa 0.03, don ledar ta riƙa tafiya a ɗame tsakanin launi da launi, kada ta saki. Ma'anar wannan ita ce kowace silinda tana da matsayinta a layi, kuma lambarta na rubuce a gefenta. In aka musanya ta biyu da ta biyar, saiti zai yi ta yawo, mai inji ya yi ta fama bai san daga ina matsalar take ba. Haka kuma dole mai sassaƙa ya san irin ledar. Ledar PET ba ta cika miƙewa ba, BOPP tana ɗan ja, amma PE mai taushi tana miƙewa da zafi da ɗamewa sannan ta tsuke in ta huce, sai an lissafa wannan a cikin tsawon zanen.

Sai tambayar da ke juya komai: a saman leda za a buga ko a bayanta? Yawancin ledojin biskit da na taliya a baya ake buga su, a kan leda mai garai-garai, sannan a manna wata ledar a kai, tawada ta kasance a tsakiya, ba ta gogewa ba ta taɓa abinci. A irin wannan bugu rubutu yana karantuwa daidai a jikin silinda, kuma ana farawa da baƙi, a bi da shuɗi da ja da rawaya, fari ya zo ƙarshe ya rufe bayansu. In a sama za a buga, komai ya juya: rubutun silinda a birkice yake, fari ke fara sauka, baƙi ya zo daga baya. Tare da wannan a tantance ta wace fuska naɗin zai warware a injin ɗuri, kan hoto ne ke fara fitowa ko ƙafarsa, da inda za a sa baƙar alamar da idon injin ke gani ya yanka. Alamar nan tana son layinta fes, babu wani rubutu ko duhun launi a kan hanyarta.

Gangar jiki

Ƙashin silinda bututun baƙin ƙarfe ne, an toshe bakinsa biyu da faifai an yi walda. Wasu suna da sandarsu a jiki, wasu fanko ne, injin ke kama su ta bakuna biyu masu tsukewa. Masu buga leda sun fi son fanko don sauƙin ɗauka da sauyawa. Akwai na alminiyam don rage nauyi, akwai kuma sirara da ake zurawa a kan sanda da ƙarfin iska.

Abu uku ake nema a nan. Na farko, kada ta lanƙwashe. Rolar roba tana danna ta da ƙarfi, in bangon bututun ya yi siriri ga tsawonsa, tsakiya za ta ɗan lotsa, bugu ya kama a gefe ya yi rauni a tsakiya. Gwargwadon tsawon silinda da ƙanƙantar kewayenta, gwargwadon kaurin bangon da take buƙata. Manyan injinan buga mujallu da kundin tallan kaya a Turai sun kai faɗin mita 4.32, kuma a can lissafin lanƙwasa babban ilimi ne. Injin leda da wuya ya wuce mita ɗaya da rabi da ɗan wani abu. Na biyu, ta juya a kan tsakiyarta sosai: in aka ɗora agogon awo a jikinta aka juya, kada allura ta motsa fiye da milimita 0.01 zuwa 0.02. Na uku, nauyinta ya daidaita ko ta ina. Injin da ke gudun mita 300 a minti yana juya silindarmu mai kewayen 600 sau 500 a minti, kuma ɗan rinjayen nauyi a gefe guda ya isa ya sa ta rawa, rawar kuma ta fito a leda layi-layi. Bakin fuskar silinda ma ba a barinsa da kaifi, ana zagaye shi, don kada ya ci wuƙa ko ya riƙa fesa tawada.

Baƙin ƙarfe ba ya sassaƙuwa yadda ake so, sai an yi masa rigar jan ƙarfe. Hanyar ɗaya ce da ta ruwan zinare da ake yi wa 'yan kunne, wato a tsoma cikin sinadari a saka lantarki. Ana wanke maiƙo tas, a fara da nikel siriri na 'yan maikiron, domin ruwan jan ƙarfe mai asid ba ya kama baƙin ƙarfe kai tsaye da kyau. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Sannan jan ƙarfe na tushe, wanda da shi ake cike ma'auni, sai na sassaƙa a sama, kimanin maikiron 80 zuwa 100 ko ɗan fiye. Taurinsa shi ne magana. Ana neman wajen 200 zuwa 220 a ma'aunin Vickers, kuma ya zama ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. In ya yi taushi, tsinke zai tura shi gefe ya bar tozo a bakin rami. In ya yi tauri da yawa, zai ci daimon ko ya fasa shi a tsakiyar aiki.

Masu buga mujalla, da ke sauya zane kowane mako, suna amfani da dabarar Ballard: a shafa wani sinadari mai hana kamawa kafin a ɗora jan ƙarfen sassaƙa, in an gama aiki a tsaga bakinsa a ɓare shi, a ɗora sabo. Masu leda galibi suna yanke tsohon zane ne a kan inji su sake rufi. Ko wacce aka bi, sai an yanke fuskar zuwa ainihin ma'auni an goge ta da dutse kafin ta je wurin sassaƙa.

Ramin da kansa

A injin sassaƙa, silinda na juyawa a hankali, tsinken daimon yana shiga yana fita a jikinta. Tsofaffin injina suna yin rami wajen 4,000 a daƙiƙa, na zamani 8,000 zuwa sama. Kwamfuta ke gaya wa tsinke zurfin da zai shiga a kowane bugu: wurin duhu ya nutsa sosai, wurin haske ya ɗan taɓa. A bayansa akwai wani daimon mai kankare tozon da ya taso.

Bakin tsinken yana da kusurwa, kuma wannan kusurwa ta ɗaure faɗin rami da zurfinsa wuri guda, ba ka samun ɗaya ba tare da ɗayan ba. Ramin da faɗinsa ya kai maikiron 150, in da tsinke mai digiri 120 aka yi shi, zurfinsa wajen maikiron 43 ne. Da mai digiri 130 zai tsaya a 35, da mai 110 ya kai 52. Sai mutum ya ce to a ɗauki mai zurfi, tawada ta fi yawa. Ba haka abin yake ba kullum. Rami mai zurfi da tsukakken gindi yana riƙe wani kaso na tawadarsa, ta bushe a ciki, a hankali ya cushe. Rami mai buɗaɗɗen baki yana ɗaukar kaɗan amma yana saki da kyau. Don haka hoto mai laushin inuwa ya fi son 120 ko 130, fari da launin da ake so ya rufe sosai su ake ba tsinke mai nutso da manyan ramuka.

Yawan ramuka ana ƙirga shi da layi a santimita. Aikin hoto a leda yana yawo ne wajen 60 zuwa 70. A layi 70, santimita ɗaya murabba'i na ɗauke da rami 4,900. Silindarmu mai kewayen santimita 60, in an cika faɗin mita ɗaya da zane, ramukanta sun haura miliyan 29, kuma injin da ke yin 8,000 a daƙiƙa zai ɗauki sama da awa ɗaya a kanta. Fari yakan sauka ƙasa da haka don ramukan su yi girma, ƙananan rubutu kuma a hau sama don haƙoran gefe su ƙanƙance.

Tsakanin rami da rami akwai bango, 'yan maikiron ne kaurinsa, kuma a kansa wuƙa ke tafiya. Ko a wurin da launi ya cika maƙil, bangon nan dole ya tsaya. In an rushe shi don neman ƙarin tawada, wuƙa za ta faɗa ciki ta kwashe tawadar da ake son bari. Abin da ake yi a wurin duhu shi ne a hana tsinke fita gaba ɗaya tsakanin rami da na gabansa, sai ya bar ɗan siririn lambatu da ke haɗa su a tsaye. Ta nan tawada ke malala ta haɗe, launi ya fito shimfiɗe babu ɗigo-ɗigo.

Matsalar da ta fi wahalar da masu tsarawa ita ce karon ramukan launuka. In ramukan shuɗi da na ja suka yi jeri iri ɗaya suka hau kan juna, wani zane mai igiya-igiya zai bayyana a hoton, kuma ɗan motsin saiti kaɗan zai sauya launin fuskar mutum daga wannan ƙulli zuwa wancan. A ofset juya jerin ɗigon ake yi. Tsinken daimon ba ya iya juyawa, kullum a kewaye yake tafiya. Sai aka samo mafita ta sauya siffar ramin: in silinda ta ƙara gudu a ƙarƙashin tsinke ramin ya miƙe ya yi tsawo, in ta rage ya tsuke ya yi faɗi. Da wannan ake samun kusurwoyi tsakanin digiri 30 da 60. Bisa al'ada, ja da shuɗi ɗaya ya sami miƙaƙƙe ɗaya tsukakke, rawaya a ba shi manyan ramuka, baƙi kuma ƙanana saboda shi ke ɗauke da rubutu.

A can ƙarshen haske kuma akwai iyaka. Ramin da ya ƙanƙance ƙwarai ba ya sakin tawada a kai a kai, wani ya buga wani ya tsallake, wurin ya fito da fararen ɗigo. Mai zane a kwamfuta yana son inuwar da ke narkewa har ta ɓace cikin fari. A silinda inuwar za ta yanke ne a wani wuri, da layi mai ganuwa. Gara a tsayar da ita a kashi biyar cikin ɗari ko kusa da haka ta ci gaba a hakan, ko a ɓoye ƙarshenta a bayan wani abu. Injinan buga takarda suna da na'urar lantarki a rolar roba mai jawo tawada daga rami, tana taimakawa, amma ba a tsara silinda da dogaro da ita.

Kafin a saki inji ya yi aikin, ana yin yankan gwaji a gefen silinda: 'yan ramukan duhu, na tsakiya, na haske. A ɗora kyamarar awo, a auna faɗi da tsawo da bango da lambatu, a gyara, a sake. Mai sassaƙar da ke ajiye waɗannan lambobi shi ne zai iya maimaita maka silinda ɗaya bayan shekara biyu ta fito daidai da 'yan'uwanta.

Ba tsinke kaɗai ke aikin ba. Akwai hanyar da ake shafa wa jan ƙarfe wani rufi, hasken leza ya zana a kai, sinadari ya cinye wuraren da aka buɗe. Kamfanin Think Laboratory na Japan ya yi suna a wannan. Akwai kuma lezar da ke haƙa ramin kai tsaye, kamar yadda Daetwyler na Suwizalan ya yi a kan tutiya, Hell kuma a kan jan ƙarfe. Amfaninsu shi ne faɗi da zurfi ba su ɗaure da juna, kuma bakin harafi yana fita da kaifi. A ganina, in aikinka hoto ne mai inuwa, tsinke ya wadatar kuma ya fi sauƙin kuɗi. In rubutu ƙanana ne suka yi yawa, ka tambayi leza ko da a silindar baƙi kaɗai.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Lanƙwasar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ siririya ce, a ƙaramin rubutu faɗinta bai fi rami ɗaya ko biyu ba. Haka ɗigon ajami da wasullansa. In aka zaɓi harafi mai siraran ƙafafu aka ƙanƙanta shi, lanƙwasar za ta narke, ƙ ta koma k a kan leda dubu ɗari. Sau da yawa kuma silindar a wata ƙasa ake sassaƙa ta, a hannun wanda bai san akwai waɗannan haruffa ba, kwamfutarsa ta musanya su da akwati ko ta watsar, shi kuma ba zai lura ba. Maganin shi ne a mai da duk rubutu zane kafin a aika fayil, a zaɓi harafi mai kauri ɗaya ba ado, kuma a sa wanda ya iya Hausa ya karanta gwajin da madubi. Lambar NAFDAC da jerin kayan haɗi da adireshin kamfani a yi su da launi ɗaya tak. Ƙaramin farin rubutu da aka huda a cikin launi uku ko huɗu, saiti na motsawa kaɗan ya cushe.

Inda launi biyu suka haɗa iyaka, ana sa mai haske ya ɗan shiga ƙarƙashin mai duhu, wajen milimita 0.2 zuwa 0.3, don kada farin tsagi ya buɗe a tsakaninsu. Sandunan lambar kaya da na'urar kanti ke karantawa a kwantar da su su bi hanyar tafiyar leda. Launin kamfani kuwa, jan da mutane suka san kayanka da shi daga nesa, ka ba shi silindarsa da tawadarsa da aka haɗa musamman. Kuɗin silinda ɗaya ne ya ƙaru, amma jan da aka haɗa daga ramukan ja da rawaya ba ya tsayawa iri ɗaya daga naɗi zuwa naɗi. In ana neman ragi, a rage a wani wurin. Zane mai launi biyar da aka tsara da hankali yakan fi mai takwas da aka cusa wa komai kyau a kan kanta.

Kurom, gwaji da ajiya

Jan ƙarfe ba zai jure gugar wuƙa ba, don haka bayan sassaƙa ana yi masa ruwan kurom na maikiron shida zuwa takwas, mai taurin da ya kai wajen 1,000 a ma'aunin Vickers. Da shi silinda ke kai miliyoyin juyi. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne ba a son ta yi santsi sarai. Ana goge ta da takarda mai laushi a bar mata kaushi na ƙasa da rabin maikiron, wanda ke riƙe ɗan danshin tawada ya zama man shafawa ga wuƙa. In ta yi santsi da yawa, wuƙa za ta yi zafi ta ci kanta ta ja layi. In kaushin ya yi yawa, wuraren da ya kamata su fita fes za su yi hazo.

Ruwan kurom ɗin nan guba ne mai jawo ciwon daji, kuma Tarayyar Turai tun 2017 ta hana aiki da shi sai da izini na musamman. Duk wanda ke tunanin kafa wurin yin silinda a Kano ko Kaduna, ya fara lissafi da na'urar tace ruwan da zai zubar da ta zuƙe tururi daga kan ma'aikata. Wanda ba zai iya wannan ba, kada ya fara.

Yanayin wurin bugu ma a gaya wa mai sassaƙa. Tawadar leda da sinadarai masu saurin tashi ake tsinka ta, kuma a zafin bazara ko bushewar hunturu tana iya fara bushewa a cikin ƙananan ramuka tsakanin wuƙa da rolar roba. Silindar da aka tsara don maɗaba'a mai sanyi da inji mai gudu sosai, in aka kawo ta ɗaki mai zafi da inji mai tafiyar hawainiya, hasken hotonta zai riƙa ɓacewa. In mai sassaƙa ya sani, zai ɗan buɗe ramukan haske. Ƙurar hunturu kuwa ƙwaya ɗaya ta maƙale a bakin wuƙa ta isa ta ja layi a leda har ƙarshen naɗi, wani lokaci ta karce kurom ɗin kansa.

Kafin silindoji su bar wurin mai sassaƙa ana buga gwaji da su. Ka nemi a yi shi a kan irin ledarka, da irin tawadar da maɗaba'ar za ta yi aiki da ita, kuma in bugun baya ne ka ɗora shi a kan abin da za a manna masa kafin ka duba launi, domin ja a kan leda mai ƙyallin azurfa daban yake da ja a kan fara. Ka auna tsawon ƙulli da abin awo na ƙarfe. Ka gwada lambar kaya da na'ura. Ka karanta kowace kalma da lambar waya da ƙarfi, kai da wani. Gyaran da ake iya yi bayan wannan kaɗan ne: a cire kurom a ɗan rage ƙarfin launi, a cike ɗan rauni, a sake kurom. Kuskuren harafi sai sabuwar sassaƙa.

In an gama bugu, a wanke silinda nan take tun tawada ba ta sandare a ramuka ba, a naɗe ta da abu mai taushi da kwali, a ajiye ta a kan maratayi ta bakunanta, fuskarta ba ta taɓa ƙasa ko 'yar'uwarta. Kurom yana cinyewa a hankali, kuma in an lura da wuri ana cire shi a sake sabo, zanen na nan lafiya. In aka bari wuƙa ta kai ga jan ƙarfe, bango ya tafi. A takardar yarjejeniya kuma a rubuta ƙarara cewa silindojin na wanda ya biya kuɗinsu ne, da lambar kowacce da kaurinta da matsayinta a layi, da tsawon lokacin da maɗaba'a za ta ajiye su kafin ta yanke zanen ta ɗora na wani. Sai dai mai kaya ya sani cewa ko ya karɓe su, ba lallai su hau injin wata maɗaba'ar ba, don tsawon fuska da bakin kamawa sun bambanta daga inji zuwa inji. In yana da niyyar raba aikinsa tsakanin wurare biyu, ya karɓi ma'aunin injinan biyu tun kafin a yanka bututu.